Daga Tukunyar Burukutu zuwa Kwalbar Kodin: Tarihin Kayan Maye a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya bi diddigin kayan maye a ƙasar Hausa, wato yankin da ya haɗa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, zai tarar da cewa abubuwan da suka fi yi wa jama'a ɓarna cikin shekaru sittin da suka wuce ba ta gidan giya suka shigo ba, ko da yake gidan giya ne malamai da sarakuna da hukumomi suka daɗe suna sa wa ido. Ta kantin magani suka biyo, da ta tiren mai tallar ƙwayoyi a tashar mota da kasuwar ƙauye, kuma waɗanda suka fara karɓarsu manoma ne da 'yan dako da direbobi masu neman abin da zai ɗauke musu gajiya, mutanen da babu wanda yake kiransu mashaya a unguwarsu. Wannan ne ya sa kowace doka da aka kafa takan zo a makare, ta tarar da masu sha sun riga sun koma wa wani abin da doka ba ta ambace shi ba.

Abin maye mafi daɗewa a yankin shi ne giyar hatsi, wadda ake yi da dawa ko gero ta hanyar jiƙa hatsin har ya tsiro, a shanya shi, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, sannan a bar shi ya kwana har ya yi tsami. Mai kauri ita ake kira burukutu, mai ruwa-ruwa kuma fito, kuma mata ne suka riƙe sana'ar dafa su. A wurin Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da riƙo da addinin gargajiya, giya tana cikin kayan biki da na tsafi da na gayya, domin da ita mai gona yake sallamar waɗanda suka taru suka taya shi noma. Yanayin giyar kansa ya sa mata iyaka, saboda ba ta wuce kwanaki kaɗan ba ta lalace ba, ba a iya ɗaukarta zuwa nesa a yi fatauci da ita, ƙarfinta ƙalilan ne idan aka kwatanta da barasar da ake tacewa, kuma yawanta ya dogara ne da abin da ya rage a rumbu, ta yadda shekarar da aka yi fari ita ma giyar takan yi ƙaranci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa shan abin da shari'a ta hana cikin ɗabi'un da ya zargi sarakunan Haɓe da su, kuma bayan jihadin da aka fara a 1804 hukuncin mashayi a mazhabar Malikiyya, wato bulala tamanin, ya zama dokar daula. Hanin bai kawar da giya ba, ya dai tura ta wajen ganuwa, zuwa ƙauyukan Maguzawa da garuruwan gefe, har ma Baturen nan mai yawon buɗe ido, Clapperton, ya ba da labarin yadda ya ga ana shanta a fili a garin Kulfo na ƙasar Nupe a 1826.

Abubuwa biyu da suka sami gurbi a cikin birni, ba tare da tsangwama mai yawa ba, su ne goro da taba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta zuwan goro ƙasar Hausa da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ya ce Sarkin Nupe ya aika mata da goro dubu goma, kuma ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 ayarin fatake na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan shafe watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu kafin su kai kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, su komo da goron da ya shiga cikin ɗaurin aure da raɗin suna da gaishe da manya. Sinadarin da ke cikin goro, wanda ake kira kafin, yana kore barci yana kuma danne yunwa, shi ya sa malamai masu raya dare da matafiya suka riƙe shi. Taba kuwa daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen shekarar 1600, ta jawo saɓani tsakanin malamai, inda Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawar halaccinta wasu kuma suka haramta, amma duk da haka aka noma ta sosai a ƙasar Katsina, ana zuƙarta a lofe, ana taunarta da kanwa, mata kuma suna goga furenta a haƙora. Akwai kuma zaƙami, tsiron da wasu ke kira haukata-yaro, wanda 'ya'yansa ke sa gane-gane da bushewar maƙogwaro da bugun zuciya, amma tsoron da ake yi masa ya hana shi zama abin sha na yau da kullum. Abin lura a nan shi ne, goro da taba sun kafa wata fahimta a zukatan jama'a, cewa abin da ke taimaka wa mutum ya jure wa aiki ba ya cikin sahun abin da ke sa shi tangaɗi, kuma a kan wannan fahimta ne ƙwayoyin zamani suka zo suka hau.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu hanin. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a babban birnin Beljiyam a 1890 ta haramta kai barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma bisa wannan ne Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin yankin hani tun kafa mulkin Ingila a 1900, a daidai lokacin da harajin barasar jin yake cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Kudu. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya zuwa inda aka hana da inda ake sayarwa da lasisi, amma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da unguwannin Sabon Gari da aka keɓe wa baƙi, da barikokin soja, da sansanonin haƙar kuza na Jos, duk sun zama kafofin da giya ke bi. Da aka fara yin giyar kwalba a Legas a 1949, aka kuma buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963, sai shan ta ya zama alamar ɗan bariki da ma'aikacin da ya yi boko, lamarin da ya bayyana a adabin lokacin, inda Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙa yana faɗakarwa a kanta, Mamman Shata kuma ya yi wa mashaya tasu waƙar da ta shahara. Tabar sigari ma a wancan zamani ta kankama, bayan kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya a ƙarshen shekarun 1950.

Tabar wiwi baƙuwa ce idan aka kwatanta da waɗannan, domin yawancin masu bincike suna danganta yaɗuwarta da ma'aikatan jiragen ruwa da kuma sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan yaƙin duniya na biyu. Gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta kafa mata doka mai tsanani a 1966, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomanta da ɗaurin shekara 10 ga mai shanta, sai dai an sassauta dokar a 1975 ba tare da an ga raguwar sha ba, kuma har yau wiwi ce kan gaba a yawan masu sha a ƙasar.

Babban sauyi ya faru ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ƙwayar amfetamin ta shiga karkara. Amfetamin magani ne da ke tilasta wa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran da ke sa kuzari da jin daɗi fiye da kima, ta yadda mai sha zai wuni yana aiki ba ya jin yunwa ko gajiya ko barci, kuma sunan da jama'a suka ba ta a lokacin shi ne a-ji-garau. Dalilin karɓuwarta yana cikin tsarin noman yankin, domin damina a ƙasar Hausa ba ta wuce wata uku zuwa biyar, kuma shuka da noman farko da maimai da huɗa duk sukan taru cikin makonni kaɗan, a daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare a gidaje da yawa, wato manomi yana yin aiki mafi nauyi a lokacin da ya fi ƙarancin abinci. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon kunyoyin da ya nome, da direban da zai kwana yana tuƙi daga Kano zuwa Legas, da ɗalibin da jarrabawa ta matso, duk sun ga ƙwayar a matsayin kayan aiki. Ƙarfin da take bayarwa kuwa kamar bashin hatsi ne da ake ci da damina a biya ninki da kaka, domin idan ta saki mutum yakan faɗa cikin kasala da baƙin rai da ba ya fita sai ya ƙara wata, kuma da tafiya ta yi nisa sai rama da hawan jini da rashin barci su biyo baya, wasu har su kai ga taɓin hankali mai sa mutum ya riƙa zargin ana bin sa ko ana ƙulla masa sharri. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar taƙaita amfetamin a 1968, amma 'yan kasuwa suka maye gurbinta da ƙwayoyin efedirin da na kafin, kuma da yake wanda ya sha abin hana barci yana bukatar abin da zai sa shi barci, sai kasuwar ƙwayoyin kwantar da jiki irin su dayazifam, da ake kira baliyam, ta buɗe a gefe guda.

A shekarun 1980 hankalin gwamnati yana wani wuri dabam, wato kan masu safarar hodar ibilis da ta hiroyin zuwa Turai da Amurka, waɗanda suke ɓata sunan ƙasar a waje. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa, an kuma harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985, sannan aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989 da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a 1993. A cikin gida kuwa, shirin tsuke bakin aljihu da aka fara a 1986 ya karya darajar naira, asibitocin gwamnati suka rasa magani, talaka ya koma wa mai kemis a matsayin likitansa, duk da cewa lasisin irin wannan kanti bai ba mai shi izinin sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano da masaƙun Kaduna suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, matasa marasa aiki suka yawaita, kuma a cikinsu ne shaƙar sholisho ta bazu, wato gam ɗin da masu faci ke liƙe tayar keke da shi, wanda tururinsa ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda yana kuma iya tsayar da zuciya nan take. 'Yan siyasa ma suna da kaso a cikin laifin, domin 'yan daba a Kano da 'yan sara-suka a Bauci da 'yan kalare a Gwambe sun zama 'yan bangar da ake ɗauka haya lokacin zaɓe, kuma sanannen abu ne cewa kayan maye suna cikin ladan da ake ba su.

Da aka dawo da hukuncin shari'ar Musulunci, wanda Jihar Zamfara ta fara aiwatarwa a watan Janairu na 2000 wasu jihohi 11 kuma suka biyo baya, giya ce ta sake zama abin farauta, har hukumar Hisba ta Kano ta murƙushe kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a a watan Nuwamba na 2013. A cikin waɗannan shekarun ne kuma maganin tari mai sinadarin kodin ya mamaye birane. Ba daidai ba ne a ce hana giya shi kaɗai ya haifar da shan kodin, tunda jihohin da ba a hana giya ba su ma ba su tsira ba, amma gaskiya ne cewa kwalbar maganin tari tana da abubuwan da kwalbar giya ba ta da su a garin Musulmi: ba ta wari, ana saye a kantin unguwa ba tare da kunya ba, ana juye ta a cikin lemon kwalba a sha a gaban mutane, kuma yaro ɗan aike yana iya shiga da ita har ɗakin matar aure babu mai tambaya. Ta wannan hanya ce shaye-shaye, wanda a da ake ɗauka matsalar samari ce, ya kai ga 'yan mata da matan aure da zawarawa, da yawansu masu neman abin da zai rage musu damuwar zaman gida ko ta mutuwar aure. Kodin dangin ofiyom ne, wanda hanta ke mayar da wani ɓangarensa zuwa mofin, kuma idan aka sha da yawa yakan rage saurin numfashi har ya tsaya, musamman idan aka haɗa shi da ƙwayoyin barci irin su roci, sannan wanda ya saba da shi idan ya rasa yakan kamu da ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci, abin da ke mayar da shi ga kwalbar ko da ya yi niyyar bari.

A watan Oktoba na 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 a kullum a jihohin Kano da Jigawa, amma abin da ya motsa gwamnati shi ne fim ɗin binciken da BBC ta nuna ranar 30 ga Afrilu 2018, wanda ya tona yadda maganin ke fita daga hannun ma'aikatan wasu kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, kuma washegari aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ƙididdiga mafi inganci ta zo ne a watan Janairu na 2019, daga binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun yi amfani da wani abin maye banda giya da taba a shekarar 2017, cikinsu miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin dangin ofiyom, miliyan 2.4 kuma maganin tari, sannan ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Binciken ya kuma rushe zaton da ake yi cewa annobar ta Arewa ce, domin yankin Kudu maso Yamma ne ya zo kan gaba da kashi 22.4, Arewa maso Yamma kuma tana da kashi 12, ko da yake Kano ita kaɗai tana da kashi 16, wato sama da mutum miliyan ɗaya.

Kafin a hana kodin, tiramadol, wanda ake kira tiramol a bakin jama'a, ya riga ya kama wuri, kuma shi ne ya gaji matsayin a-ji-garau a wurin masu aikin ƙarfi, daga manoma da masu haƙar zinariya zuwa 'yan acaɓa da direbobin a-daidaita-sahu. Wani kamfanin Jamus ne ya ƙirƙiro shi, ya fara sayar da shi a 1977 a matsayin maganin ciwo, kuma likitoci suna ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, ba sa wuce 400 a yini, amma wanda ake shigowa da shi daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Afirka ta Yamma yakan ƙunshi miligiram 200 ko 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya, kuma mai sha yakan afa biyu ko uku a tare. Daga gaɓar teku kayan suna bin tsofaffin hanyoyin fatauci, su ratsa kasuwannin kan iyakar Nijeriya da Nijar, wasu su tsaya a Maraɗi da Damagaram, wasu su zarce Agadas zuwa Libiya. Illar da ta fi bayyana ita ce farfaɗiya, wadda kan kama mutumin da bai taɓa yin ta ba, a wasu lokuta yana kan babur ko yana cikin ramin haƙa, ban da tsayawar numfashi da lalacewar ƙoda da ke biyo bayan sha mai yawa. Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, sai masu safara suka koma wa wani haɗin da ya fi shi ƙarfi, na tafentadol da karisofurodol, wanda wani binciken BBC na watan Fabrairu 2025 ya nuna ana sayar da shi a titunan Nijeriya da Gana, kafin gwamnatin Indiya ta hana haɗa shi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ita kanta barasa ta koyi dabarar fakewa da sunan magani, domin yanzu tana zuwa a ƙananan ledoji da kwalabe a matsayin maganin basir ko na ƙarfin maza, kuma haɗarinta ga hanta ya fi tsanani a yankin da cutar hanta nau'in B ta yawaita. Haka nan allurar fentazosin, wadda ake yi wa masu ciwon sikila idan ciwo ya tashi, ta zame wa wasunsu jaraba, suna yi wa kansu har naman cinya da na damtse ya ƙandare ya zama gyambon da ba ya warkewa.

An sami ci gaba a ɓangaren toshe hanyoyi, musamman bayan naɗa Buba Marwa shugaban NDLEA a 2021 da kuma tayar da dillalan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, amma ɓangaren jinya shi ne aka bari a baya tun farkon tarihin. Shekaru da dama iyayen da ɗansu ya kamu ba su da wurin kai shi sai gidan mari, wato makarantar da ake tsare kangararrun yara da sarƙa a ƙafa, har sai da 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, aka kuma rufe wasu a Katsina da Kano bayan haka. Rufe gidajen bai zo da madadin da zai wadatar ba, domin asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da wanda ke Dawanau a Kano, gadajensu da likitocinsu ba su kai ko kusa da yawan masu bukata ba, kuma sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin wadda aka gada daga Turawa tun 1958. Janye jiki daga kodin ko tiramol ko ƙwayoyin barci aiki ne na likita, tunda dainawa farat ɗaya kan jawo farfaɗiya ga wanda ya daɗe yana shan dayazifam, kuma sarƙa da bulala ba sa maganin wannan. Binciken 2019 ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 a Nijeriya sun kai matakin da ba sa iya dainawa da kansu, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shansu ya fi haɗari sun ce suna bukatar jinya, mafi yawansu kuma sun ce samunta yana da wuya a inda suke zaune.